Idan masu asusu a saba sun kai dubbai, dole ne a daina amfani da /etc/passwd, fayil ɗin jerin asusu?

Bashir: Jama'a, ni dai matsayata ɗaya ce. Duk sabar da masu shiga cikinta suka kai dubbai, ajiye kalmomin sirri a fayil ganganci ne. A tsarin FreeBSD, ka gyara layi ɗaya da vipw, manhajar gyara fayil ɗin asusu, sai manhajar pwd_mkdb ta sake gina rumbunan bayanan asusu, wato pwd.db da spwd.db, tun daga farko, fayil kuwa yana kulle har ta gama. A koma LDAP, tsarin ajiye asusu a saba ta musamman, a huta.

Hauwa: Injiniya, ciwon akwai shi, amma ba nan tushensa yake ba. Ai pwd_mkdb yana da zaɓin -u, wanda ke sabunta bayanin mutum ɗaya kawai. Abin da na fi gani shi ne a zo buɗe asusu 5,000, a riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da nasa kullewa da nasa rubutun fayil. Zuba su duka a master.passwd, babban fayil ɗin asusu na FreeBSD, ka gina sau ɗaya. Wannan aikin hannunmu ne, ba laifin fayil ba.

Sani: Malama, a Linux fa? Can babu pwd.db ɗin ma. Mutum ɗaya ya canza kalmarsa, sai an kwafe /etc/shadow, fayil ɗin kalmomin sirri, gaba ɗaya zuwa sabon fayil, sannan a maye gurbin tsohon. Kuma lckpwdf, mai kulle fayil ɗin kafin a rubuta, daƙiƙa 15 yake jiran makulli, in bai samu ba ya haƙura. Ranar da aka tilasta wa kowa canza kalma, layi ne zai taru.

Hauwa: Wannan gaskiya ne, Malam Sani. Shi ya sa ba na son dokar kowa ya canza rana ɗaya. Canza kalmomin mutane da yawa kuwa umarnin chpasswd ke yinsa, ya karɓi jerin duka ya rubuta sau ɗaya. Sannan ku auna kafin ku yanke hukunci: bcrypt da yescrypt, hanyoyin rikita kalmar sirri kafin a ajiye ta, da gangan aka yi su da nauyi don su gajiyar da ɓarawo. Sau da yawa can lokacin ke tafiya, kuma LDAP ba zai sauke wannan nauyin ba.

Bashir: Na yarda da batun awo. Amma makulli ɗaya ga mutum dubu talatin, har yanzu bai kwanta min ba.

Hauwa: Ai LMDB, rumbun bayanan da manhajar OpenLDAP ke zama a kansa, shi ma marubuci ɗaya yake bari a lokaci guda. Bambancin, ɗan wurin da ya canza kawai yake taɓawa, don haka yana saurin saki. Riba ce babba, ban musa ba. Sai dai ranar da sabar LDAP ta faɗi, in ba ka saita sssd, mai haɗa saba da LDAP, ya ajiye kwafi ba, masu asusun suna waje.

Sani: To sabar taka guda nawa ce, Injiniya?

Bashir: Shida, kuma mutane ɗaya ne ke shiga dukansu.

Hauwa: Da wannan ka fara, da ban ja da kai ba. Fayil shida ba za su daɗe suna daidai da juna ba. Koma LDAP, amma ka kafa sabar LDAP biyu, asusun root na mai kula da saba kuma ya ci gaba da zama a fayil.