Zan kai Baba sauraron kiɗan buluz kai tsaye, me ya kamata in sani?

Ƙanwar Maza:

Salamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan. Akwai wani ɗan zauren fasaha da ake baje zane-zane ana kuma yin wasan kwaikwayo a ciki, ƙarami ne gaskiya kujerun ba za su wuce ɗari ba, to sun manna sanarwa wai daren Asabar mai zuwa za a yi kiɗa kai tsaye, an rubuta folk da blues da roots. Ni ban taɓa zuwa irin wannan ba. Baba nake so in kai, tun rasuwar Mama bai cika fita ba sai dai ya zauna da rediyo, kuma mutum ne mai son duk wani abu mai tsirkiya, da ya ji ana kaɗawa zai ce kowa ya yi shiru. Matsalar kunnensa na hagu ya fara nauyi kuma ba ya son hayaniya sam. Mene ne bambancin abubuwan nan uku? Akwai ƙara sosai? A ina ya fi mu zauna? Kuma tsakani da Allah ya kai a fito da dattijo da daddare saboda shi, ko in kunna masa a waya kawai a wuce wurin?

Malam Tsirkiya:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan Mama ya ƙara wa Baba lafiya. Ki kai shi, wannan ita ce amsata tun kafin in yi bayani.

Folk waƙoƙin jama'a ne da aka gada baki da baki, yawanci mutum ɗaya da jitarsa ko biyu, kuma labari ne ƙashin bayansu, labarin ma'aikata da tafiya da rabuwa da mutuwa. Roots kuma babbar rumfa ce da masu shirya taro ke sakawa don ta rufe duk kiɗan da ke kusa da tushe. Buluz ne mai dogon zance. Ya taso ne a kudancin Amurka wajen ƙarshen ƙarni na 19, a hannun baƙaƙen fata jikokin bayi, musamman yankin gonakin auduga na Misisifi, daga waƙoƙin aiki da kiraye-kirayen gona inda ɗaya zai ja baiti saura su amsa. Abin da zai taimake ki a zauren shi ne ki san ginin waƙar, mawaƙi zai faɗi layi ɗaya, ya sake maimaita shi, sannan ya kawo layi na uku da ke ba shi amsa, duk a cikin gaɓa 12 ta ƙidayar bugun kiɗa da kamun jita uku kacal, wato haɗin sauti iri uku, su ƙare su sake zagayowa. In kika lura, duk sanda ya gama layi sai jitar ta cike gurbin, ita ce 'yar amshinsa. Baba zai gane wannan tun kafin a gama waƙar farko ko da bai jin kalma ɗaya.

Sai kuma jan tsirkiya. Za ki ga mutum ya tura tsirkiya da yatsa har sautin ya karkace ya faɗa tsakanin muryoyi biyu kamar mai shirin kuka, ko ya zura wani bututun ƙarfe ko wuyan kwalba a ƙaramin yatsa yana goga shi a kan tsirkiyoyin. W.C. Handy, wani makaɗi marubucin waƙa, ya ba da labarin cewa wajen 1903 a tashar jirgin ƙasa ta Tutwiler a Misisifi ya ga wani mutum yana yin haka da wuƙa, kuma abin ya tsaya masa a rai har ya zama cikin na farko da suka buga irin kiɗan a takarda a 1912. Mawaƙiya Mamie Smith ce ta buɗe wa baƙaƙen mawaƙan buluz ƙofar naɗar faifai a 1920. Robert Johnson da ake ta zancensa waƙa 29 kawai ya naɗa, a 1936 da 1937, ya rasu a 1938 yana da shekara 27. Irin su Robert Johnson a ƙananan ɗakuna da bakin titi suka yi sana'arsu, shi ya sa nake cewa ƙaramin zaure irin wanda kika faɗa shi ne gidan kiɗan na ainihi.

Mai Sauti:

Ni ta ɓangaren aikina zan shigo, na yi shekaru ina zaman teburin sauti a irin waɗannan wuraren. Anti abu na farko ki kira su ki tambaya ko akwai mai ganguna da jitar lantarki a cikin masu wasan. In jitar katako ce da banjo (mai tsirkiya da fata kamar molo) da hamonika (ƙaramin abin busa na baki) to ba ki da damuwa, ƙarar ba za ta dame shi ba. In kuwa cikakkiyar ƙungiya ce irin salon Shikago to lissafi ya canja, don shi wannan salon dama an ƙirƙire shi ne don ya danne hayaniyar mashaya, mawaƙin buluz Muddy Waters da ya bar gona ya koma birnin Shikago a 1943 ai dole ta sa ya kama jitar lantarki saboda ba a jin ta katakon. Ƙa'idar da muke bi ita ce desibel 85 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne) kunne na iya ɗauka na awa 8, duk ƙarin desibel 3 kuma lokacin ya ragu da rabi, to ƙungiya mai ganguna a ƙaramin ɗaki tana wuce 95 ba tare da kowa ya lura ba. Ki tafi da abin toshe kunne na soso a jaka ko ba za a yi amfani da shi ba.

Wurin zama kuma kada ku zauna daf da lasifika, yawanci suna gefe biyu na dandamali, kuma kada ku je can baya jikin bango don nan sauti mai kauri yake taruwa ya zama gunji. Layi na uku ko na huɗu a tsakiya. Tunda kunnen hagu ne mai nauyi ku ɗan karkata ta yadda na damansa zai fuskanci masu wasan, ke kuma ki san in kina hagunsa ba zai ji raɗarki ba. In yana sa na'urar ji ki tambaye su ko zauren na da wayar nan ta masu na'urar ji da ake zagaye ɗaki da ita, wasu wuraren suna da ita amma ba sa faɗa sai an tambaya. Ku je da wuri, minti 30 kafin a fara, ki je wurin mai teburin ki gaishe shi ki gaya masa halin da ake ciki, wallahi yawancinmu muna jin daɗin a tambaye mu.

Uwar Biyu:

Duk abin da suka faɗa haka ne, ni abin da zan ƙara shi ne ladabin wurin don shi ya fi ci mini rai. Na taɓa zuwa wani wuri wata mata tana waƙa ita kaɗai da jita, waƙar a kan ɗanta ce da ya tafi bai dawo ba, muryarta ta yi ƙasa sosai har kana jin numfashinta a makirufo, sai ga wasu mutum uku a bayana suna ta hira da dariya, ɗaya ma wayarsa ta yi ƙara ya ɗauka ya amsa a wurin. Na ga matar ta ɗaga ido ta kalle su ta ci gaba, amma hannunta ya riga ya rikice sai da ta sake kamo layin. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. A ɗaki mai kujera ɗari mai waƙa yana ganin fuskar kowa yana jin komai, har buɗe leda.

To ki kashe ƙarar waya, in za ki ɗauki bidiyo ki ɗauki kaɗan ba tare da fitila ba ki ajiye. In waƙar labari ce a yi shiru sai ta ƙare a tafa. In buluz ne kuma akasin haka, in mai jita ko mai hamonika ya gama nasa zagayen ana tafa masa nan take ko waƙar ba ta ƙare ba, wani ma ya ɗaga murya ya yaba, suna son hakan. Yawanci zama biyu ake yi na kamar minti 45 da hutu a tsakani, to in Baba ya gaji a hutun za ku fita ba a tsakiyar waƙa ba. Kuma in suna sayar da faifansu a bakin ƙofa ki saya ko ɗaya ne, wannan kuɗin ya fi saurin isa hannunsu.

Ɗan Sahel:

Malam Tsirkiya ka yi bayani mai kyau amma ka tsallake babban abu, kiɗan nan ai namu ne, daga Afirka ta Yamma aka tafi da shi a jirgin bayi. Duk wanda ya saurari Ali Farka Touré na Niafunke a Mali ya san haka, shi da kansa ya sha faɗin cewa abin da Amurkawa ke kira buluz a wurinsu ya samo asali. Ga ƙungiyar Abzinawa Tinariwen da suka ci kyautar kiɗa ta Grammy a 2012, ga Bombino na Agadas. Banjo kanta ai duma ce da fata da sanda tun asali, 'yar'uwar akontin ta Jolawan Senegal da Gambiya ce da ngoni ta Mali, dangin su molo da gurmi. Baba zai ji abin kamar ya san shi ne saboda dama ya san shi.

Malam Tsirkiya:

Ɗan Sahel ban ƙi taka ba, rabin gaskiyar kenan kuma rabi mai nauyi. Zancen banjo ba gardama. Akwai ma masanin kiɗa ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, wanda ya yi shekaru yana bincike ya nuna cewa salon buluz na karkara ya fi kama da kiɗan yankin sabana, inda mutum ɗaya ke waƙa da abin tsirkiya irin goge yana lanƙwasa murya, fiye da kiɗan gangunan bakin teku. Kuma akwai dalili, a wurare irin Karolaina ta Kudu an hana bayi ganga da doka a 1740 bayan tawayen bayi na Stono a 1739, to mai tsirkiya shi ya samu sarari. Amma ɗan'uwa kada mu ƙwace wa mutanen nan abin da suka haifa da wahalarsu. Gaɓa 12 ɗin nan da kamun jita uku da Turancin da ake waƙar da shi da zancen jirgin ƙasa da bashin mai gona da gidan yari, duk a can aka yi su, bayan an 'yanta bayi a 1865 aka kuma sake ɗaure su da dokokin wariya. Shi kansa Ali Farka ya saurari faifan mawaƙin buluz Ba'amurke John Lee Hooker, ruwan ya tafi ya kuma dawo. Iri daga nan ne, ƙasar da ya tsira a kai da ruwan da ya sha nasu ne.

Ɗan Sahel:

Na karɓa Malam, amma ka bar mini banjo dai.

Ƙanwar Maza:

Jama'a na dawo in ba ku labari, mun je jiya. Na kira su kamar yadda Mai Sauti ya ce, suka ce ba ganguna, mutum uku ne kawai. Mun samu layi na uku, mai teburin ma da kansa ya zo ya nuna mana kujerar da ta fi. Farko wata yarinya ce da banjo, ban fahimci rabin abin da take faɗa ba amma Baba tun da ta fara ya miƙa wuya gaba yana kallon hannunta na dama, ya ce mini da babban yatsa take bugun gajeriyar tsirkiyar sama, ni ban ma lura akwai wata gajeriya ba sai da ya faɗa. Bayan hutu wani dattijo ya hau da jita mai jikin ƙarfe tana ƙyalli, ya zauna a kujera ya sa bututu a ƙaramin yatsa, yana buga ƙafa a katakon dandamali har ina jin bugun a tafin ƙafata. Kana jin ƙarar bututun in ya taɓa ƙarfen wuyan jitar, kana jin sanda ya ja numfashi kafin ya ɗaga murya, akwai inda tsirkiya ta saki ya tsaya yana murɗa ta yana ba mu labarin wanda ya koya masa waƙar. Na ƙirga layukan Malam, biyu iri ɗaya na uku ya amsa, haka ne kuwa.

Can a waƙa ta huɗu ko ta biyar na juya na ga Baba ya rufe ido yana kaɗa yatsu a gwiwa, leɓensa na motsi yana bin amshin da jitar ke yi. Rabona da ganinsa haka tun Mama na da rai. Ban taɓa shi ba na bar shi. Abin toshe kunnen ma bai fito daga jaka ba.

Da aka tashi ya ce sai ya gaisa da dattijon, suka tsaya bakin ƙofa ina yi musu tafinta, Baba ya roƙa a ba shi bututun ya gani, ya zura a yatsansa ya juya shi ya mayar. Mun sayi faifai ɗaya Uwar Biyu. A mota bai ce komai ba sai da muka kusa gida ya tambaye ni ko na ga sanarwar wata mai zuwa. Mai Sauti dan Allah na wata mai zuwan an rubuta akwai mai ganguna da jitar lantarki, layi na ukun zai yi mana ko mu ƙara ja baya?