Taki ne ya ƙara buhunan shinkafar, ko kusanci da ruwa?

Ɗan Gwale:
Salamu alaikum. Ina digiri na biyu a fannin ƙididdiga a Jami'ar Bayero, bincikena a kan manoman shinkafa ne na Kura. Bayanan da na tattaro sun nuna masu zuba takin zamani sun fi samun buhuna. Sai dai galibinsu masu hali ne, gonakinsu kuma na bakin magudanar ruwa. To da wane baki zan ce taki ne sanadi? Wasu sun ce in bi tsarin Rubin, wasu na Pearl, wato masana biyu da kowannensu yake da hanyarsa ta gano sanadi daga bayanai.

Malam Na-Fagge:
Wa alaikumus salam. Ni Rubin nake koyarwa. Tushen yana wurin masanin ƙididdiga Neyman tun 1923, Rubin ya faɗaɗa shi a 1974. Kowace gona tana da sakamako biyu: abin da za ta bayar in an sa taki, da abin da za ta bayar in ba a sa ba. A noma ɗaya, guda kawai za ka gani. Da ƙuri'a aka raba takin, yadda masanin ƙididdiga Fisher ya koyar tun yana tashar gwajin noma ta Rothamsted a Ingila, da ka huta. Tunda manoma ne suka zaɓa da kansu, sai ka riƙa kwatanta gonakin da suka yi daidai a ruwa, girma da ƙarfin aljihun mai su.

'Yar Tarauni:
Allah gafarta Malam, ina zai san abin da zai daidaita da wanda zai ƙyale? A nan Pearl ya yi rana. Ɗan'uwa, ɗauki takarda ka ja kibiyoyi: kuɗi zuwa taki, kuɗi zuwa buhuna, ruwa zuwa taki da buhuna. Kuɗi da ruwa dole ka toshe su, wato ka daidaita su. Amma yawan 'ya'yan da shinkafa ta yi, kada ka kuskura ka daidaita shi, don ta nan takin yake bi ya yi aikinsa. In ka sa shi cikin lissafi, to ka goge abin da kake nema da hannunka. Ɗalibai da yawa zuba komai suke yi a kwamfuta, wai don a ga sun yi ƙoƙari.

Malam Na-Fagge:
Gaskiyarki, Malama. Ya yi zanen, sannan ya auna da Rubin. Amma ƙwarewar manomi fa, wadda ba ta cikin takardar tambayoyinsa? Ba tsarin da zai tsamo masa ita. Sai in akwai abin da ya sa wasu suka samu taki ba da zaɓinsu ba, irin dabarar da ta ba masana tattalin arziki Angrist da Imbens kyautar Nobel a 2021.

Ɗan Gwale:
Na gode. Wata ƙungiyar manoma a can ta taɓa raba taki da ƙuri'a saboda bai isa ba. In na samu jerin sunayen, zai yi?