Ruwa a Hotoro, ƙura a Kabuga: wa ya taɓa ganin irin wannan?

Tela daga Kabuga:
Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan La'asar hadari ya haɗo ta gabas, gari ya yi baƙi ƙirin har sai da na kunna fitila a shago. Muka kwashe kayan da ke rataye a waje, muka ja ƙofa. Iska ta taso da ƙura da ledoji, ta yi kamar minti goma, shi ke nan, ko ɗigo. Na kira ƙanena a Hotoro, ya ce su can ruwa har cikin zaure. Gari ɗaya fa! Me ke jawo haka?

Ɗan adaidaita sahu, Yankaba:
Wa alaikumus salam. Maigida, mu da muke wuni a kan titi mun saba. Na taɓa ɗauko fasinja daga Yankaba ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, labule a sake, kafin mu kai Bata kwalta a bushe ƙayau. Mutane suna kallon mashin yana ɗiga kamar daga kogi muka fito. Har iyakar ruwan ana gani a kan titi, nan jiƙe, nan bushe. Abu ɗaya na riƙe: hadarin Kano daga gabas yake zuwa. In baƙin yana yamma, galibi ya riga ya wuce ka, ci gaba da neman kuɗinka.

Wata uwa daga Gwale:
Ni kakata ba ta kallon sama ma. Gishirin ɗakin girki take taɓawa. In ya fara danshi yana dunƙulewa, sai ta ce damina ta ƙarato, a gyara indararo. Sai kuma shamuwa in ta dawo. Amma irin hadarinka, Malam Tela, shi ya ci mini zane sabo fil bara. Na yi shanya, na ce bari in idar da salla. Kafin in sallame iska ta ɗauke shi da igiyar gaba ɗaya. Ruwa bai zo ba, zanen ma bai dawo ba.

Malamin labarin ƙasa, Rijiyar Zaki:
Hajiya, kakarki ta yi daidai. Gishiri yana jan danshi ne daga iska, kuma iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa, daga Tekun Atlantika, ɗauke da tururin ruwa. Ita ke ture busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa, shi ya sa Legas ke samun ruwa tun watan Maris, mu kuwa sai Mayu ko Yuni.

Ku dubi murfin tukunya: tururi ya tashi, ya taɓa sanyi, ya koma ɗigo. Haka sama take. Rana ta gasa ƙasa, zafin bazara ya haura digiri 40, iskar da ke ƙasa ta yi zafi ta tashi. Duk kilomita ɗaya da aka hau, zafi yana raguwa da kamar digiri 6. Can sai tururin ya taru a jikin ƙwayoyin ƙura, ya zama gajimare. Ɗigogin su yi ta haɗuwa har su fi ƙarfin iskar da ke riƙe da su, su faɗo. Shi ya sa ruwanmu ya fi yawa da yamma da dare, bayan an wuni ana gumi.

Tsayin hadari yakan wuce kilomita 10, amma inda yake zubar da ruwa sau da yawa 'yan kilomitoci ne. Ga amsar Hotoro da Kabuga nan. Me ya sa ta gabas? Danshin ta ƙasa yake shigowa, amma can sama, kamar kilomita 3 zuwa 4, akwai iska mai ƙarfi da ke busowa daga gabas, ita ke tura hadarin zuwa yamma.

Tela daga Kabuga:
To Malam, ruwan namu ina ya tafi?

Malamin labarin ƙasa:
Ta yiwu ya sauko, bai iso ka ba. A farkon damina iska ba ta gama jiƙa ba, sai ɗigon ya bushe a hanya. Bushewarsa tana sanyaya iskar, ta yi nauyi, ta faɗo da ƙarfi ta bazu a gaban hadarin. Ita ce ta cika maka shago da ƙura, ita ce ɓarauniyar zanen Hajiya.

Dattijo daga Dala:
Yara, ku jira Agusta ku ga marka. Wannan ba ta zaɓen unguwa. Yayyafi ne a kwana a wuni, katangar ƙasa ta sha ta ƙoshi, cikin dare ka ji rim. A 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, mun kwana a zaune da iyali a ɗaki ɗaya, an jera kwanuka ana tarar yoyo. Tun daga lokacin ba na barin Yuli ya kama ban yi yaɓe ba.

Ɗalibi daga Hotoro:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ƙanƙara na gani tana dukan kwano kamar ana jifa da tsakuwa, alhali da rana zafi kamar me. Malam ya taɓa gaya mana iska ce ke cilla ɗigon sama sosai inda sanyi ke daskarar da shi. Ƙannena suka tara a kofi suna tsotsa. Kuma tun da na ji cewa daƙiƙa 3 tsakanin walƙiya da tsawa daidai take da kilomita ɗaya, nake ƙirgawa. Jiya na ƙirga 6, na shiga ɗaki da gudu.

Tela daga Kabuga:
Na gode ƙwarai. Ɗan sahu, yanzu haka gabas ta fara baƙi. In kana wajen Yankaba ka gaya mana ko ya sauka, in san ko zan kwashe kaya.