Neman kalmar Hausa: me za a kira wanda ba a ɗauka ba, ba a kuma sallama ba?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Wata kalma ce ta hana ni yi wa mahaifina bayani mai gamsarwa, shi ya sa na kawo ta gabanku domin a taimaka a samo mata Hausar da za ta zauna. Kalmar ita ce waitlist, kamar yadda jami'o'in Amurka suke amfani da ita wajen ɗaukar ɗaliban digiri na biyu.

A watan Disamba na aika takardun neman gurbi zuwa jami'o'i 6 da suke koyar da rubutun adabi, wato digirin da ake kira MFA, inda ɗalibi yake shafe shekara 2 ko 3 yana rubuta ƙagaggun labarai ko waƙoƙi, malamai da abokan karatu suna tsefe masa aikin. Kowace jami'a ta nemi samfurin rubutuna, da wasiƙun shaida daga malamaina, da takardar da na bayyana manufata. Janairu ya wuce shiru, Fabrairu ya shigo na fara duba akwatin imel tun kafin sallar asuba. A cikin Maris jami'o'i 5 suka ba ni haƙuri, ta shidan kuma ta rubuto cewa ta saka ni a wannan abu da nake tambaya a kansa.

Da na kira Baba na gaya masa, sai ya ce, "To, sun ɗauke ka ke nan?" Na ce ba su ɗauke ni ba tukuna. Nan take muryarsa ta koma ta jaje, ya ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Na yi sauri na ce ai ba su ƙi ni ba. Sai ya ce, "Alhamdulillahi, to yaushe ne tafiyar?" Mun kusa minti goma muna wannan zagaye, har katin wayata ya kusa ƙarewa, ban iya ajiye shi a tsakiyar da nake tsaye ba.

Dattijo, tsohon malamin Hausa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba da sa'a. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne "jerin jira", domin gajere ne kuma ya bi ginin Hausa, kamar yadda muke cewa ɗakin jira. Ina gargaɗin kada a ce "layi", saboda wanda ya shiga layin banki ko na gidan mai yana da yaƙinin cewa idan na gabansa suka gama za a zo kansa, alhali kai, bisa bayaninka, kana iya tsayuwa har a rufe ƙofa ba a kira ka ba.

Da hira muke yi a zaure, da na ce jiran gawon shanu kake yi. Gawo yana fitar da ganye da 'ya'ya ne da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, shanu kuma suna taruwa a gindinsa suna jiran abin da iska za ta kaɗo, ba su da ikon hawa, ba su da ikon girgizawa. Har watannin ma sun yi daidai, tunda a kan Fabrairu da Maris kake magana. Sai dai karin maganar tana ɗauke da ma'anar zaman da ba shi da tabbas har da ɗan zolaya, kuma babu jami'ar da za ta rubuta wa mutum cewa ta sanya shi a jiran gawon shanu.

Mai fassara a ɗakin labarai:

Allah ya gafarta Malam, ina da ɗan ja a kan "jerin jira". A watan Janairu duk wanda ya aika takarda jira yake yi, da wanda za a ɗauka da wanda za a ba haƙuri. Idan ƙanen nan nawa ya ce wa mahaifinsa yana jerin jira, abin da dattijon zai fahimta shi ne sakamako bai fito ba, alhali kuwa ya fito: an karanta rubutunsa, an yaba, an fifita shi a kan ɗimbin masu nema, kujerun ne kawai ba su kai kansa ba. Kalmar da za mu zaɓa ya kamata ta nuna cewa an riga an yi hukunci.

Shawarata ita ce "jerin ko-ta-kwana". Jami'a tana ajiye waɗannan sunaye ne domin ko da wani daga cikin waɗanda ta zaɓa ya ce ba zai zo ba, kuma wannan shi ne ainihin abin da Bahaushe yake nufi da shirin ko-ta-kwana.

Wani da ya yi irin wannan karatu a Amurka:

Ina neman izinin Malam da Hajiya mai fassara in ɗan tsawaita, domin ina ganin sai mun san yadda abin yake gudana kafin mu raɗa masa suna.

Shirye-shiryen nan ƙanana ne ƙwarai. Wanda ya fi kowanne daɗewa da suna shi ne na Jami'ar Iowa, wanda aka kafa a 1936, kuma shi yana cikin masu ɗaukar mutane da ɗan yawa. Jami'ar Cornell kuwa mutum 8 take ɗauka a shekara, 4 a ƙagaggun labarai, 4 a waƙa. Dalilin ƙanƙantar shi ne kuɗi, domin shirye-shiryen da aka fi rububi suna yafe wa ɗalibi kuɗin makaranta, su kuma ba shi alawus, sau da yawa bisa sharaɗin ya koyar da ɗaliban digiri na farko. Kowane gurbi a ɗaure yake da kasonsa na kuɗi, saboda haka ba a ƙara kujera don kawai rubutun mutum na tara ya burge kwamiti.

Ga kuma abin da yake motsa jerin. Marubucin da ya yi fice yakan samu tayi daga jami'o'i biyu ko uku a lokaci guda, kuma ɗaya kawai zai iya zuwa. Akwai yarjejeniyar da jami'o'in Amurka da yawa suka sa wa hannu a ƙarƙashin majalisarsu ta karatun gaba da digiri na farko, wadda ta ce ba za a tilasta wa ɗalibi ya amsa tayin da ke ɗauke da tallafin kuɗi kafin ranar 15 ga Afrilu ba. Don haka mutum yana da damar riƙe tayi uku a hannunsa har zuwa wannan rana yana auna su, sai ya saki biyu sannan jami'o'in da ya saki su juya ga sunayen da suka ajiye. Shi ya sa wayar irin su ɗan'uwanmu take yin shiru duk tsawon Maris, sannan ta yi ƙara a tsakiyar Afrilu, ko ma bayan haka. Wasu jami'o'in suna jera sunayen daga na ɗaya zuwa ƙasa, wasu kuma ba sa jerawa, sai gurbi ya buɗe su duba wanda ya fi dacewa da sauran ajin, kuma mawaƙi ba ya cike gurbin mai labari.

Da wannan nake cewa ko-ta-kwana ta faɗi gaskiya, amma gaskiyar jami'a ta faɗa. Ɗalibin ba ya cikin wani shiri, zaune yake hannu rabbana. Bugu da ƙari, kunnen mai sauraron rediyo ya saba jin kalmar tare da jami'an tsaro da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan agaji, har idan aka ce yaro yana jerin ko-ta-kwana a wata jami'a, wani zai ɗauka aikin gadi ya samu. Ina kuma roƙon kada a ce "sahu na biyu", domin a jami'o'in Najeriya wanda sunansa ya fito a sahu na biyu an ɗauke shi an gama, jinkiri kawai aka yi. Abin da ɗan'uwanmu yake jira shi ne wani mutum da bai sani ba, a wani gari da bai taɓa zuwa ba, ya saki gurbin da yake riƙe da shi. Ina ganin dole kalmar gurbi ta shiga cikin sunan.

Ƙanena, wata shawara a gefe: ka rubuta musu gajeriyar wasiƙa ka ce har yanzu kana so, ka tambaya ko jerin nasu mai lamba ne. Ka kuma tabbata fasfonka yana da sauran kwana, domin idan kira ya zo a ƙarshen Afrilu, sai ka jira takardar I-20, wadda jami'a take ba ɗalibi domin neman bizar karatu, kafin ka nemi ranar ganawa a ofishin jakadanci na Abuja ko na Legas, karatu kuma a watan Agusta yake farawa a yawancinsu.

Ɗan'uwa daga Damagaram:

Mu a nan da Faransanci muke jin abin, kuma gininsa ɗaya da na Ingilishi, wato jeri da jira, haka ma Larabci yake cewa ƙa'imatul intizar. Tunda an ce gurbi ya shiga, me zai hana a ce "jerin cike gurbi"? Muna da zaɓen cike gurbi, wanda shi ma sai kujera ta zama babu kowa ake yin sa.

Dattijo, tsohon malamin Hausa:

Na karɓi gyaran Hajiya, kuma bayanin da ya biyo baya ya buɗe mini ido. Malam na Damagaram ya kusa, amma akwai matsala biyu. Ta farko, cike gurbi aiki ne da ake yi bayan gurbin ya samu, shi kuwa yaron nan nasa gurbin bai samu ba, mai yiwuwa ma ba zai samu ba. Ta biyu, idan Bahaushe ya ce wane ɗan cike gurbi ne, raini yake nufi, wato an sa shi ne don kada wurin ya zauna wayam, kuma bai dace a jingina wannan ga wanda ya tsallake ɗaruruwan masu nema ba.

Abin da nake gani ya tattara maganganunmu shi ne "jerin jiran gurbi". Gurbin karatu kalma ce da kowane uba ya sani, kuma idan aka ce gurbi ake jira, an nuna cewa cancanta ta riga ta tabbata. Mu gwada ta a baki. Jami'ar ta saka shi a jerin jiran gurbi. Masu jiran gurbi su 5 ne a ɓangaren waƙa. Gurbi ya buɗe, an kira ta. An rufe jerin jiran gurbi na bana. Babu jimlar da ta yi tuntuɓe a cikinsu, kuma mutumin yana da suna mai mutunci, wato mai jiran gurbi. Wani amfanin shi ne ginin yana karɓar canji, domin a jirgin sama ko a aikin Hajji sai a ce jerin jiran kujera, a asibiti kuma jerin jiran gado ko jerin jiran tiyata.

Mai fassara a ɗakin labarai:

Na janye tawa, Malam. Kalma uku ta ɗan yi wa kanun labari tsawo, amma a nan ana iya cewa "jiran gurbi" a bar jerin. Ƙorafina ɗaya ya rage, shi ne wanda bai ma aika takarda ba yana iya cewa yana jiran gurbi, don haka a rubutu na hukuma kada a yar da kalmar jeri, ita ce take nuna cewa jami'a ce ta rubuta sunan da hannunta.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Malam lafiya. Jiya bayan sallar isha'i na sake kiran Baba, na ce masa jami'ar ta saka ni a jerin jiran gurbi. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Wato akwai wanda yake riƙe da shi yanzu?" Na ce haka ne, kuma yana da damar riƙewa har 15 ga Afrilu. Ya ce to zai sa mutumin a addu'a, Allah ya ba shi wata makarantar da ta fi wannan. Wasiƙar da aka ba ni shawara na aika ta da safiyar yau, fasfo kuma na duba, saura masa shekara 2.