Shin Xender da BitTorrent haramtattu ne a doka, ko abin da aka tura ake dubawa?

Mai Shagon Caji:
Assalamu alaikum. Matasan unguwarmu suna yawan neman in riƙa tura musu fina-finai da waƙoƙi a waya ko a memori su biya, kamar yadda 'yan downloading suke yi. Kafin in zuba jarina, ina roƙon masana su fayyace mini: manhajar turawar ce laifi? Kuma idan na sayi fim da kuɗina, ba ni da ikon sayar da kwafinsa?

Barista:
Wa alaikumus salam, Malam. Manhajar kanta ba laifi ba ce, domin da Xender ake tura hotunan biki da takardun makaranta. Matsalar tana ga tambayarka ta biyu. Idan ka sayi fim, izinin kallo ka saya, amma ikon kwafa da rarrabawa yana nan hannun furodusa har sai ya ba ka lasisi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta haɗa har da ɗora aikin wani a intanet ba da izininsa ba, kuma hukumar kare haƙƙin mallaka ta Najeriya (NCC) ce ke aiwatar da ita. Ka nemi izini a rubuce, wanda ya ambaci fina-finan da tsawon wa'adin.

Injiniya:
Ina ƙara wa bayanin Barista cewa masu manhaja ma ba kullum suke tsira ba. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ana iya kama kamfanin Grokster, mai manhajar musayar fayiloli a intanet, da alhaki, saboda ya kwaɗaitar da mutane su keta haƙƙin wasu, sannan a 2009 wata kotu a Siwidin ta yanke wa mutum huɗu na Pirate Bay, wani shafin intanet da ake neman fina-finai da waƙoƙin saukewa, ɗaurin shekara guda kowannensu. BitTorrent kuwa, wato tsarin da mutane ke sauke fayil daga na'urorin juna ta intanet, yayin da kake saukewa kana kuma aika wa wasu gutsuren fayil ɗin, wato ka shiga sahun masu rarrabawa ko ba ka yi niyya ba. Duk da haka, da shi ake rarraba Ubuntu, wata babbar manhajar kwamfuta ta kyauta, bisa halal.

Malama Marubuciya:
Ɗan'uwa, akwai ayyukan da masu su suka saki ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ke ba jama'a izinin kwafa da rarrabawa, sai dai ka duba sharaɗin kowanne: wanda ke ɗauke da alamar NC bai yarda a yi kasuwanci da shi ba, kai kuwa kuɗi za ka karɓa. Fim ɗin Kannywood dai gumin mutane da yawa ne, tun daga marubuci har mai riƙe fitila, saboda haka ka fara tuntuɓar furodusan.