Neman shawara: na sayi eriya mai kama duk tashoshi, amma hoto na nan yana daskarewa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a wani ƙauye da ke kamar kilomita 30 daga birnin Kano. Ƙaramar eriyar da ta zo da dikoda muke amfani da ita, wasu tashoshin su fito, wasu hoton ya dinga daskarewa. Mai shago ya ba ni wata da aka rubuta log periodic a kwalinta, ya ce duk tashar da ke iska za ta kamo. Sandunanta sun fara gajeru suna ta ƙara tsayi, kamar ƙashin kifi. Na ɗaura ta a fayif bisa katanga, na juya faffaɗan bakin wajen birni, na haɗa da tsohuwar wayar eriyarmu. Babu abin da ya canja. Baba ba ya wasa da labaran ƙarfe tara, abin na damuna ƙwarai. Ina matsalar take?

Wani ɗan uwa:
Wa alaikumus salam. Sayi busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, kawai ka huta, ni haka na yi.

Mai gyaran talabijin:
Malam, kada ka sayi komai tukuna. Tun daga bayaninka na hango matsala ɗaya: ka juya ta baya. Bakin da ke da gajerun sanduna, wato mai tsini, shi ke kallon turakun tasha, dogayen kuma su zauna a baya. Mutane da yawa suna ɗauka faffaɗan gefen ne ke tara sigina kamar faifai, alhali an ƙera ta ne ta ƙi abin da ke zuwa mata ta nan.

Mai shagon bai yi maka ƙarya ba, amma bai gama bayani ba. Kowace sanda akwai zangon sigina da take kamawa, dogayen su kama zangon ƙasa, gajerun su kama na sama. Shi ya sa take ɗaukar tashoshi da yawa, sai dai a kowace tasha sanduna uku ko huɗu ne ke aiki, sauran suna zaune. Ke nan tana da faɗi, amma ƙarfin jawowa daga nesa matsakaici ne. Yagi, wato wani nau'in eriya mai sanduna, in tsayinsu ɗaya ya fi ta jawowa, shi kuma zangonsa ƙunci ne. A kilomita 30 cikin filin Kano da babu duwatsu sosai, ya kamata ta wadatar in an ɗaga ta sama.

Ka kuma ɗauki tef ka auna sanda mafi tsawo daga wannan baki zuwa wancan. In ta tsaya wajen santimita 30 da ɗoriya, ta zangon sama da ake kira UHF ce kaɗai, daga megahaz 470 zuwa sama, kuma nan dikodar dijital ta DVB-T2 ke aiki. Wadda za ta kama zangon ƙasa na VHF, wato megahaz 174 zuwa 230, sai dogayen sandunanta sun wuce santimita 80.

Wani malamin kimiyya:
Oga ya faɗi gaskiya. Eriyar nan tsohuwar fasaha ce mai inganci, a Jami'ar Illinois ta Amurka aka ƙirƙiro ta ƙarshen shekarun 1950, ba sabon yayi ba ne. Ni dai wayar nan da ka ce tsohuwa ce ta tsaya min a rai. In rana ta ƙona bayanta ko ruwan damina ya shiga, rabin siginar a hanya zai ƙare. Nemi wayar eriya da ake kira RG6 mai kyau, guda ɗaya ba ƙari a tsakani, ka gajarta ta iya yadda za ka iya, ka naɗe mahaɗin da tef saboda ruwa. Kuma ka lura, ƙarafa biyun da sandunan ke jiki su ne hanyar sigina, kada ka ɗaure su da wayar ƙarfe ta haɗe su.

Mai gyaran talabijin:
Game da busta, ɗan uwa ka yi haƙuri, ban yarda a fara da shi ba. Busta ba ya ƙirƙiro sigina, abin da ya samu yake ƙarawa, har da hayaniya. In akwai turken waya kusa da gidan, eriya mai faɗin zango takan kwaso siginar 4G ta megahaz 700 da 800, busta ya ƙara masa ƙarfi, hoto ya ƙara lalacewa. A nan ƙaramar matata ta LTE, mai tare siginar 4G, ta fi amfani. Malam, shiga saitin dikoda za ka ga layi biyu, na ƙarfi da na inganci. Na ingancin za ka bi. Wani ya zauna gaban talabijin, kai ka dinga juyawa kaɗan-kaɗan kana dakatawa, don lambar ba ta sauyawa nan take. Duba eriyoyin maƙwabta da tasu ke aiki, in sandunansu a kwance suke ka kwantar da taka, in a tsaye ka tsayar.

Wata 'yar uwa:
Don Allah in za ka ƙara tsayin fayif ɗin ka nisanci wayar wutar lantarki, kuma kada ka hau kai kaɗai. Damina ta kusa, a ja waya mai kauri daga fayif zuwa ƙarfen da aka kafa a ƙasa saboda tsawa. In hadari ya haɗo ku zare wayar daga dikoda.

Mai tambaya:
Alhamdu lillahi, na gode ƙwarai. Da yamma ni da ƙanena muka juya mai tsinin wajen birni, muka ƙara fayif har ta wuce rufin kwanon maƙwabci. Layin inganci da yake rawa a ƙasa yanzu ya wuce rabi ya tsaya, Baba ya kalli labarai har ƙarshe. Tashoshi biyu ne ke ɗan yankewa har yanzu. Ranar kasuwa zan sayo sabuwar wayar. Oga, mita 15 nake bukata, ta yi tsawo ko babu laifi?

Mai gyaran talabijin:
Babu laifi in RG6 ce ta gaske. In ka haɗa, ka sake sa dikodar ta nemo tashoshi daga farko.