Sassaƙen alda: da gaske shi ne uban aspirin?

Baban Khalifa: Jama'a, wani mai garin magani ya ce min sassaƙen alda, itacen nan da ke fitowa a bakin rafi a Turai, daga shi aka ciro aspirin. Wai duk zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi yana yi. Masana, me kuka ce?

Anti Ladidi: Ya haɗa itatuwa biyu ne. Labarin aspirin na itacen wilo ne. Wani limamin coci a Ingila, Edward Stone, shi ya ba da rahoton cewa ɓawon wilo na sauke zazzaɓi a 1763, kamfanin Bayer kuma ya haɗa maganin a Jamus a 1897. Babu alda a ciki.

Malam Hamisu: Anti, kada ki kashe masa kasuwa gaba ɗaya mana. Ƙabilun asali na gaɓar yammacin Amurka ta Arewa sun daɗe suna dafa ɓawon jan alda suna wanke gyambo da ƙuraje. Mutanen karkarar Turai kuma da shi suke kurkure maƙogwaro in ya yi ciwo. Duk ba su san abin da suke yi ba?

Anti Ladidi: Sun sani, Malam. Amma abin da ke aiki a nan tanin ne, sinadarin baurin nan mai ɗame fata da dasashi. Shi ya sa majeman Turai suka yi jima da shi, marina kuma suka haɗa shi da ƙarfe don baƙin rini. Aikin da bagaruwa ke yi a majemar Kano ke nan. Ɗame miki daban, sauke zazzaɓin cizon sauro daban.

Malam Hamisu: Na yarda da batun aspirin. Amma ban yarda cewa ɓawon alda ba ya rage zafin jiki ba, don masu maganin Turai na da sun ba da shi a kan zazzaɓi.

Yaya Auwalu: Ku bar wannan, ga inda hatsarin yake. Ɗanyen ɓawon alda yana sa amai, sai an busar. Sannan akwai wani itace daban, frangula, da ake laƙaba wa sunan alda a Ingila, shi kuma maganin wankin ciki ne mai sa zawo. In an daka su gari, wa zai bambanta?

Baban Khalifa: To ni gari ya nuna min, a leda, ba rubutu.

Anti Ladidi: Mayar masa da abinsa, Baban Khalifa. In zazzaɓi kake ji, fara da gwajin maleriya.